INA TAKARDAR AUREN KAKA? Tarihin Dokokin Aure a Mai'adua da Ƙasar Daura

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka yi rasuwa. Tsoho ya kwanta dama, an yi jana'iza, baƙi sun watse, sai a zauna rabon gona. A nan ne wani zai ɗaga murya ya ce, "Ai uwar wane ba a ɗaura mata aure da Baba ba." Sai a shiga neman shaida. A buɗe akwatin ƙarfe, a tarar gara ta riga kowa. A nemi waɗanda suka ci goron auren, a tarar duk sun riga mu gidan gaskiya. Gwauruwa tana zaune tana hawaye, 'ya'yanta kuwa sun zama kamar baƙi a gidan ubansu.

Akwai kuma waɗanda ba gona ce ta dame su ba. Su dai suna so su san ko daga ina kakarsu ta fito, wa ya ba da ita, a wace shekara, kuma me ya sa danginta suke ƙetaren iyaka. Domin waɗannan duka ne za mu bi tarihin dokokin aure a Mai'adua da sauran ƙasar Daura. Wanda bai san irin auren da aka ɗaura ba, ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, gama kowane irin aure da inda yake barin sawunsa.

Aure kafin zuwan takarda

Tarihin Daura kansa a kan aure ya tsaya. Kowa ya san labarin Bayajida, wanda aka ce ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Sarauniya Daurama. Labarin ya ce akwai kuyanga da ta haifa masa Karɓagari, ita kuma Daurama ta haifi Bawo, wanda 'ya'yansa suka yi sarauta a garuruwan Hausa. Ku lura da abin da masu ba da labarin suka riƙe da kyau: wace ce uwar wane, kuma wane matsayi take da shi a gidan. Fada tana da Girgam, wato jerin sunayen sarakuna. Talaka kuwa ba shi da Girgam. Nasa littafin shi ne bakin tsofaffi.

A wurin Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin kakanni, aure magana ce tsakanin gida biyu. Ana kai dukiyar aure, saurayi da abokansa su yi wa surukai gayya a gona, a yi biki a gaban dangi. Ba malami, ba alƙalami. Shaidar auren ita ce mutanen da suka gani, da dukiyar da aka karɓa, wadda za a nemi a mayar idan aure ya mutu. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya buga littafi a kan addininsu da al'adunsu a 1946. Irin wannan littafi zai nuna maka yadda ake yin abin, amma ba za ka sami sunan kakarka a ciki ba. Yawancin Hausawa masu bi a Jihar Katsina daga gidajen Maguzawa suka fito, saboda haka auren kakanninsu na wannan sahu ne. Kada kowa ya rena shi. Har yau dokar Nijeriya tana karɓar auren gargajiya a matsayin cikakken aure.

Littafin alƙali

A cikin gari kuwa, inda Musulunci ya daɗe da kafuwa, ana bin mazhabar Malikiyya. Littattafan da alƙalai suke dubawa su ne Risala, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa. Aure yana ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu, da furucin nema da bayarwa. Mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. Babu inda aka ce sai an rubuta. Shi ya sa ake raba goro a bainar jama'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sadakin, domin kunnuwa da yawa su zama rajista.

Wajen 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, Fulani kuma suna birni. Haka ƙasar ta zauna a rabe kusan shekara ɗari, har Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango zuwa Daura a 1906. Wannan yana da amfani ga mai bincike, domin yaƙe-yaƙen wancan zamani sun warwatsa gidaje da yawa. Wasu suka bi Haɓe, wasu suka nufi Damagaram, aka yi ta auratayya a inda aka sauka.

Da Turawa suka zo ba su rushe kotunan alƙalai ba. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun bar wa alƙali shari'ar aure, da saki, da gado, amma aka sa shi ya riƙa rubuta ƙararraki a littafi domin Di'o ya duba. Da farko da Larabci ake rubutawa, daga baya Hausa ta shigo. To, ga abin lura: alƙali ba ya rubuta auren da yake zaune lafiya. Wanda ya lalace shi ne yake zuwa gabansa. Mace ta nemi a raba ta da miji ta mayar da sadaki, ko ana gardamar ƙarewar idda, ko ana jayayyar wa ke da ɗa, ko ana rabon gado. A irin waɗannan shafuffuka ne za ka ga sunan miji, da na mata, da na waliyyinta, da garinsu, da yawan sadaki. Littafin rabon gado ya fi kowanne daɗi ga mai neman asali, gama yana jera matan mamaci da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Wani masani, Allan Christelow, ya fassara wasu shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, ya buga su a 1994. Wanda ya duba wannan littafi zai ga kamannin abin da yake nema.

Akwai wani gefe mai ɗaci da bai kamata mu ɓoye ba. Dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar nan ɗa ne, ba bawa ba, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan an fanshi mata da yawa a gaban alƙali domin a aure su, aka rubuta sunayensu a rajistar 'yantattun bayi, wani lokaci har da ƙabilarsu da sunan wanda ya biya fansar. Idan bincikenka ya kai ka nan, kada ka ji kunya. Ba ita ta sayar da kanta ba, kuma ta wurinta ne Allah ya kawo ka duniya.

Kotunan En'e sun zama kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha a 1968, a shekara ta 2000 kuma Jihar Katsina ta kafa kotunan shari'a. Kowane canji yana nufin an kwashe littattafai daga wani ɗaki zuwa wani.

Auren rajista

Aure na uku shi ne wanda mutane suke kira auren rajista, ko auren kotu, ko auren zobe. Asalinsa dokar aure ce ta 1884 wadda ta yi aiki a Ikko. Arewa ta sami tata a 1907. Bayan an haɗa Kudu da Arewa aka yi doka ɗaya a 1914, ita ce kuma ake bi har yau da 'yan gyare-gyare.

Ga yadda take aiki. Ɗaya daga cikin masu son aure zai kai sanarwa wurin magatakardan aure, wanda a zamanin Turawa galibi jami'in mulki ne. Za a shigar da ita a littafi, a manna ta a ƙofar ofis kwana 21, domin mai ƙorafi ya fito. In ba a sami ƙorafi ba, sai a ba da takardar izini, a ɗaura auren kafin wata uku su cika. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar mahaifinsa a rubuce. In a majami'a ne, dole ta zama mai lasisi, ƙofofi a buɗe, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a gaban shaidu biyu ko fiye. In a ofis ne, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ana cika takardar shaida biyu. Ma'aurata su tafi da ɗaya, a aika wa magatakarda ɗaya cikin kwana bakwai. Wato ko taku ta ɓace, 'yar'uwarta tana iya kasancewa a wani wuri.

Takardar tana ɗauke da ranar aure, da sunayen ango da amarya, da sana'arsu, da inda suke zaune, da ko an taɓa aure, da sunan uban kowannensu da sana'arsa, da sa hannun shaidu. Sunan uwa ba ya ciki. Ku duba shaidun nan da kyau, sau da yawa kawu ne ko baffa ko wan amarya.

Wannan aure na mace ɗaya ne. Wanda yake da matar gargajiya ba shi da ikon ɗaura shi da wata dabam, wanda ya ɗaura shi kuma ba shi da ikon ƙara mata ta hanyar gargajiya. Doka ta tanadi ɗaurin shekara biyar a kan haka. Tun daga dokar 1970, babbar kotu ce kaɗai take iya raba shi. Yana kuma taɓa gado. Tun a shari'ar Cole da Cole ta 1898 a Ikko, kotu ta yanke cewa irin auren da mutum ya yi yana iya canza dokar da za a bi wajen raba dukiyarsa. Saboda haka tambayar "wane irin aure aka yi?" ba ta masu son tarihi kaɗai ba ce. Tana iya zama tambayar ko gwauruwa za ta kwana a ɗakinta.

Littafin ikkilisiya

Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi. Dokta Miller na C.M.S. ya zauna a Zariya tun 1905, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, amma ƙofar ƙasar Katsina da Kano ba ta buɗe sosai ba sai wajen 1937, lokacin da aka danƙa wa S.I.M. asibitocin kutare na Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. A irin waɗannan wurare ne mutane daga garuruwa dabam dabam suka haɗu, wasu suka ba da gaskiya, suka auri juna. Ikkilisiyar E.C.W.A. ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Saboda haka kada wani ya sa rai zai sami rajistar auren majami'a a ƙasar Daura tun zamanin Sarki Musa. In kakanninka masu bi ne na farko, nemi sawunsu a tashar mishan inda suka yi jinya ko makaranta.

A nan akwai kuskuren da ya jefa gidaje da yawa cikin wahala. Ba kowane auren da aka yi a majami'a ne auren rajista ba. Majami'un ƙauye da yawa ba su da lasisi. An yi sanarwa Lahadi uku, an yi wa'azi, an sa zobe, an ba da takarda mai hatimin ikkilisiya, amma a idon doka auren gargajiya ne da aka sa wa albarka. Aure ne sosai, in an biya dukiyar aure iyaye kuma sun yarda. Sai dai shaidarsa tana wurin dangi da littafin ikkilisiya, ba a ofishin gwamnati ba.

Littafin baftisma ma yana magana. Mutum ya tuba yana da mata biyu ko uku, ikkilisiyoyi da yawa ba su yi masa baftisma ba, ko da yake an yi wa matansa da 'ya'yansa. In ka ga sunan kaka mace a littafi amma ba na mijinta, watakila dalilin ke nan. Littafin taron dattawa kuma yakan ƙunshi maganganun aure da horo. A karanta shi da tsoron Allah, a rufa asirin waɗanda suka riga mu. A tuna kuma cewa iyakokin ikkilisiya suna canzawa. Angalikan sun kafa dayosis ta Katsina a 1990, Katolika kuwa sai a 2023 aka yanke ta Katsina daga ta Sakkwato. Tsofaffin littattafai sukan zauna a tsohuwar hedkwata.

Iyaka ta ratsa tsakar gida

Mai'adua tana bakin iyaka. Daga Kwangwalam in ka taka kaɗan ka shiga Nijar, hanyar Matamaye da Damagaram. Ingila da Faransa ne suka ja wannan layi da yarjejeniyoyin 1898, da 1904, da 1906, aka kafa alamu a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Layin bai hana kai amarya ba. Masu cin kasuwar Mai'adua daga ɓangarorin biyu surukan juna ne. William Miles, wanda ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar, ya buga littafi a 1994 a kan yadda mulki biyu ya bambanta maƙwabta masu harshe ɗaya.

A wancan gefe dokar Faransa ce. Dokar Mandel ta 1939 ta sa shekara 14 ga yarinya da 16 ga yaro kafin aure, ta kuma ce sai da yardar su biyun. Dokar Jacquinot ta 1951 ta yi ƙoƙarin rage tsadar dukiyar aure, ta ba macen da ta kai shekara 21 ikon yin aure ba tare da an tsare ta saboda kuɗi ba. A ƙauye ba a cika bin su ba, amma sun bar ƙararraki a rubuce. Faransawa suna da ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wanda bai yi rajista a kan lokaci ba kuma kotu takan ba shi takardar maye gurbi. A irinta za ka ga an rubuta cewa an haifi mutum "wajen" shekara kaza, wato kintace ne. Rubutun suna ma dabam ne: Musa ya zama Moussa, Usman ya zama Ousmane, Daura ta zama Daoura. S.I.M. ta fara aiki a Damagaram a 1924, daga baya ta kafu a Tsibiri da Maraɗi. Littafin Barbara Cooper na 1997 a kan aure a Maraɗi zai taimaki mai jin Turanci.

Inda takardun suka tafi

Takarda tana bin mai mulki. Daura tana cikin Lardin Kano har 1934, sa'an nan aka haɗa ta da Katsina aka yi Lardin Katsina. A 1967 ta shiga Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama Jihar Kaduna a 1976, sai Jihar Katsina a 1987. Don haka a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, abin da ya shafi Daura kafin 1934 a fara nemansa cikin fayilolin Kano, na baya kuma cikin na Katsina. Akwai rahotannin ƙidayar haraji, masu bayyana ƙauyuka da masu sarautarsu. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu a Katsina. Takardun S.I.M. suna Amurka, na C.M.S. suna Jami'ar Birmingham a Ingila, na Nijar suna Yamai. A gida kuma, tsarin mulkin 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma.

Yadda za a fara

Kafin ka hau mota zuwa Kaduna, fara da ɗakin tsohuwar gidanku. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na ɗaya, tambayi mata. Su ne suka san wa ya yi wa wa ƙawa, wa ya kai gara, daga wane gari aka kawo amarya. Amma ka tuna da alkunya: tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba. Tambayi wata a gefe.

Na biyu, rubuta dukan sunayen mutum. Akwai sunan yanka, akwai na rana kamar Ladi ko Ɗanjuma, akwai laƙabi kamar Tanko ko Kande, akwai sunan baftisma, akwai kuma sunan garin da makaranta ta liƙa masa. Mutum ɗaya yana iya fitowa da suna huɗu a littafi huɗu.

Na uku, auna shekara da abin da ya faru. Tsofaffi ba su riƙe lamba ba, amma sun riƙe yunwar Kakalaba ta 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Sun san ko a zamanin Sarki Abdurrahman ne, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, ko na Sarki Muhammadu Bashar, daga 1966 zuwa 2007. In an biya sadaki da fam da sule, to, kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira ta fito. In takardar alƙali tana da shekarar Hijira, raba ta da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali, 1350 za ta ba ka wajen 1931.

Na huɗu, kada ka gaskata baki ɗaya ko takarda ɗaya. Magatakarda ma yana kuskure, mai ba da labari kuma yakan gyara abin da bai yi masa daɗi ba. Nemi shaida biyu ko uku.

Na biyar, je wurin maƙwabta da ladabi. Gidaje da yawa a ƙasar nan, wa Musulmi ne, ƙane mai bi ne, kakansu ɗaya. Rabin labarinka yana wurin liman ko mai unguwa ko baffanka da kuka daɗe ba ku gaisa ba. Zumunta a ƙafa take.

Littafin Ezra, sura ta biyu, yana ba da labarin wasu da suka komo daga bauta suka nemi sunayensu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. A sura ta huɗu ta littafin Rut kuma, Bo'aza ya tara dattawa goma a ƙofar gari kafin ya ɗauki Rut. Shaidun da ke tsaye a ƙofa suna tsufa, 'yan'uwa. Fastoci da magatakardan ikkilisiya, ku fito da tsofaffin littattafan nan daga inda rufi yake yoyo, ku ɗauki hotonsu shafi shafi da waya, ku ajiye a wuri biyu. Ma'aurata, ku duba takardarku yau, ku san ko ta gwamnati ce ko ta ikkilisiya, ku gaya wa 'ya'yanku inda take. Matasa, ku sayi littafin rubutu ɗaya, ku zauna a gaban kaka a wannan mako tun tana iya ba ku amsa.

Allah ya ba gidajenmu salama, ya tsare gwauraye da marayu. Amin.